Ina neman kare mai kwarjini wanda ba zai taɓa mini yara ba

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son wanda ya taɓa riƙe babban kare da hannunsa ya tanka mini, don "an ce, an ce" ta ishe ni.

Ina da 'yar gona wajen Kura, a hanyar Zariya, a nan nake zaune da iyalina shekara huɗu ke nan. Kaji ne masu ƙwai, da tumaki goma sha ɗaya, sai ɗan lambu a bayan gida. Katangar ta ɓangaren lambun ba ta da tsawo. A daminar da ta wuce sau biyu ana haura mana. Karon farko injin ban ruwa aka ɗauke, karo na biyu raguna biyu da na yi wata biyar ina turke da su. Maigadina dattijo ne, mutumin kirki, tun ina gini muke tare, ba ni da niyyar sallamarsa. Amma mutum ɗaya ba zai ga gabas da yamma a lokaci guda ba.

Duk wanda na faɗa wa sai ya ce in sayi kare. To ni yara ne damuwata. Hanifa shekararta huɗu, ƙaninta bai cika biyu ba, yanzu ya kama tafiya, ba a iya tsare shi wuri ɗaya. Ban da nawa, akwai 'ya'yan maƙwabta da almajirai da ke shigowa ɗiban ruwa a famfon burtsatse safe da yamma. Wata rana sai ka ƙirga yara sha biyar da jarkoki a layi. Ruwan nan sadaka ce na yi wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba zan rufe musu ƙofa saboda kare ba. Kuma in karena ya ciji ɗan wani, ban san da wane ido zan kalli uwarsa ba.

Da na haƙura da maganar gaba ɗaya, sai watan jiya na je Jos sayen 'yan tsaki. Mutumin da ya haɗa ni da masu ƙyanƙyasa ya ce sai na ci abinci a gidansa. Muna shiga, wani abu ya miƙe daga gindin bishiya, launin toka, tsayinsa ya kai ƙuguna, kansa kamar na ɗan maraƙi. Haushi ɗaya ya yi, na ji shi har cikin ƙirjina. Na tsaya cak. Maigidan ya ce, "Malam, bar shi ya sansana ka kawai." Ya zo ya sansana gwiwata, ya sansana hannuna, sai ya juya ya jingina jikinsa da ƙafata, sai da na dafa mota don kada in faɗi. Da muka zauna a kan tabarma can gefe, ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan takalmina da na cire. Jikar maigidan, wadda ba za ta girmi Hanifa ba, ta zo da kofin roba tana ɗebo ƙasa tana zuba masa a baya, wai wanka take yi masa. Ko kai bai ɗaga ba, jelarsa kawai ke bugun ƙasa. Aka ce mini sunan irinsa Great Dane.

Tun daga ranar nake tunanin karen nan. Abin da nake so ke nan: wanda ɓarawo zai leƙo ta katanga ya ga girmansa ya sauka, amma yaro zai wuce ta gabansa da jarka lafiya lau. Na ɗan yi bincike a intanet, na ga sunaye irin su Saint Bernard, Newfoundland, Mastiff, Bullmastiff, duk ana cewa manya ne masu haƙuri. Shin halin irin ne, ko wancan na Jos ne Allah ya yi shi haka? Wanne ne zai iya zafin Kano? Kuma da gaske za a iya sakin jiki da su a gaban yara?

Abu Sadik, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Allah ya mayar da mafificin abin da aka rasa.

Na riƙe Great Dane shekara shida da 'yan watanni, baƙi ne wuluk, muna kiransa Duna. Jinginar nan da ka gani halinsu ne, da yawansu haka suke gaisawa da wanda suka yarda da shi. Sunan na nuna kamar daga Danmak suke, amma asalinsu Jamus ne, da can da su ake farautar aladen daji. Daga baya masu kiwonsu suka riƙa zaɓar masu sanyin hali suna haɗawa, har aka iso inda ake yanzu. Saboda haka ba dace ka yi ba, akwai shi a jinin. Sai dai kada ka ɗauka duk wanda aka kira Great Dane haka zai fito.

Maganar tsaro tukuna. A shekara shida Duna bai taɓa sa wa mutum haƙori ba, kuma a shekara shidan nan ko bokiti ba a ɗauka a gidana ba, alhali an shiga gidajen da ke layinmu. Aikinsa shi ne in ya ji motsi ya je ya dafa ƙofa da ƙafafunsa na gaba, kansa ya wuce saman get ɗin, ya yi haushi biyu ko uku. Shi ke nan. Labari ya bazu a unguwa cewa akwai doki mai haushi a gidan wane. In abin da kake so ke nan, za ka samu. In kana son wanda zai kama mutum ya yayyaga, ba wannan ba ne.

Yanzu ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Ba cizonsa ne ke sa yaro kuka ba, jikinsa ne. Jelar Duna daidai fuskar Sadik take lokacin yana shekara uku, in yana murna ya kaɗa ta kamar bulala ce. Sau ɗaya ya juya da sauri ya ture yaron, goshinsa ya bugu da dandamali, sai da aka yi masa ɗinki biyu. Karen bai ma san ya yi ba, ya dawo yana lasar masa ƙafa. Dabbar da ta haura kilo 60 ba ta buƙatar mugunta kafin ta ji wa ɗan shekara biyu ciwo. Mafi haɗari shi ne tsakanin wata shida zuwa shekara biyu, jiki ya zama na babba amma hankali na kwikwiyo ne.

Sannan ba sa daɗewa. Wanda kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin kare mafi tsayi, Zeus, na jihar Mishigan a Amurka, santimita 111.8 ne daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ya mutu a 2014 yana da shekara biyar. Yawancinsu tsakanin bakwai da goma suke tafiya, wasu ba sa kaiwa.

Nawa murɗewar ciki ce ta kashe shi, kuma ita ce babbar abokiyar gabar karnuka masu zurfin ƙirji. Tumbin ne ke cika da iska ya juya a kan kansa, ya toshe sama da ƙasa. Ranar na dawo a makare, ya yini bai ci ba, na cika masa kwano ya cinye cikin minti biyu, ya sha ruwa da yawa, ya fita yana guje-guje da yara. Bayan isha'i na ga ya kasa kwanciya, ya tashi ya zauna, ya zagaya, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai farin kumfa. Na taɓa cikinsa na ji shi a ɗaure kamar ganga. Na ce bari gari ya waye in kai shi asibiti. Kafin asuba ya mutu a bakin ƙofar kicin. Likitan ya ce da na kawo shi a daren aka yi masa aiki, da akwai dama. Har yau abin na cina. Ka raba masa abinci sau biyu ko uku a yini, kada a bar shi ya yi gudu bayan ya ci, kuma ka san likitan da za ka iya tasa da tsakar dare kafin ka sayi karen, ba bayan ka saya ba. Daga Kura zuwa asibitin da zai iya buɗe cikin kare cikin dare, ka auna nisan.

Ci kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka lissafa shi a matsayin baki guda a cikin gida, mai son nama.

Mai Ƙarfe:

Malam kana wahalar da kanka. Ka sayi Caucasian ko Boerboel, su ne a kasuwa ko'ina daga Kano har Abuja. Ka ɗaure shi da sarƙa da rana, ka sake shi da dare. Yara ba sa ɗiban ruwa ƙarfe biyun dare. Nawa tun yana ƙarami ba na barin kowa ya taɓa shi sai ni, shi ya sa ko ƙanina ba ya shiga gidan sai na fito.

Ummu Yasmin:

Baban Hanifa, sannu da ƙoƙari, Allah ya karɓi sadakar ruwan nan. Ni kan Saint Bernard da Newfoundland zan yi magana, don na gan su a inda suka dace.

Mun yi shekara uku a Suwizalan lokacin da maigidana ke aiki a Janeba. Wata bazarar can muka kai yara garin Martigny, inda gidauniyar Barry take kiwon Saint Bernard. Ita ta karɓi kiwon daga hannun 'yan zuhudun Kirista a 2005. Asalin karnukan daga wani masaukin matafiya ne a kan mashigin dutse tsakanin Suwizalan da Italiya, sama da mita 2,400 a kan tsauni, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya mafi yawan shekara. Tun ƙarni na 17 ake ajiye karnuka a wurin, suna buɗe hanya da ƙirjinsu, suna sansano matafiyan da ƙanƙara ta binne. Shahararrensu shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana cewa ya ceci mutum fiye da 40. An busar da fatarsa, tana gidan tarihi a birnin Bern, mun je mun gani. Abin da ya ba ni mamaki, bai kai na yanzu girma ba, nauyinsa bai wuce kilo 45 ba. Masu kiwo ne daga baya suka riƙa ƙara musu jiki da gashi.

Haƙurinsu gaskiya ne. Yasmin tana da tsoron ko kyanwa, amma mai kula da su ta kama hannunta ta ɗora a wuyan wata karya, hannun ya nutse cikin gashi har wuyan hannu. Karyar ta lumshe ido kawai. Muka dawo gida yarinya tana ta roƙon a saya mata.

Amma ranar zafin bai kai digiri 30 ba, kuma na ga yadda suke kwance a inuwa a kan siminti, harshe a waje, yawu na dalala. Wannan gashin rufi biyu ne, na ciki mai laushi kamar auduga, an yi shi don kwana cikin ƙanƙara. Ka tuna watan Afrilu a Kano, ana haura digiri 40, ga ba wuta. Kare ba ya gumi ta jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. In iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, ina zai kai nasa?

Newfoundland ma haka, ko ya fi. Daga tsibirin Kanada yake, karen masunta ne, har fata ce tsakanin yatsunsa kamar agwagwa, ana amfani da shi wajen ceto mutane a teku. A cikin manyan karnuka ana sa shi a sahun gaba wajen son yara. Amma ruwan sanyi ne gidansa. Don Allah ka cire waɗannan biyun daga lissafinka. Ba laifinsu ba ne, zalunci ne kawai a kawo su nan a ajiye a tsakar gida. Wanda ke Jos ko Mambila ma sai ya yi tunani, balle kai.

Maman Walid:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan faɗi abin da ba a so a ji. Babu irin karen da zan yarda a bar shi da ɗan shekara biyu ba babba a wurin. Ko minti ɗaya.

Yaran da ake kawo mana da cizo, yawanci ba karen daji ne ya cije su ba, na gida ne ko na maƙwabci, kuma magana ɗaya iyaye ke yi: "Bai taɓa yi ba." Na ƙarshe da na wanke wa ciwo yarinya ce 'yar shekara biyar. Karen yana cin abinci ta je ta rungume shi ta baya. Kamu ɗaya ya yi ya saki, har ma ya gudu ya ɓuya, amma a kumatu ne, don fuskar yaro daidai bakin babban kare take. Karen ba mugu ba ne. Firgita ya yi. Wani yana da ciwon kunne ne yaro ya ja kunnen, wani barci yake aka taka shi.

Sai maganar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da kaso mai yawa a ciki. In alamunta suka bayyana a jikin mutum babu magani. Kare mai sanyin hali ma yana ɗauka in wani ya cije shi ta ƙarƙashin ƙofa. A yi wa karen allurar riga-kafi tun yana wata uku, sannan a riƙa maimaitawa, a ajiye katin. Kuma kowa a gidan, har maigadi, ya san wannan: in aka yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ba a ɗaurewa, ba a jira a ga hali.

Ban ce kada ka saya ba. Na ce ka gina shinge tsakanin famfon da inda karen yake kafin ka kawo shi.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu Sadik, labarin Duna ya taɓa ni, na karanta wa uwargida ma ta yi shiru. Ummu Yasmin, na goge waɗancan biyun. Maman Walid, maganarki ta shige ni, akwai ragowar waya da na yi wa kaji shinge, za ta isa in zagaye famfon in buɗe masa ƙaramar ƙofa ta waje.

Mai Ƙarfe, na gode, amma karen da ƙanina ba zai shiga gidana ba sai na fito, ba shi nake nema ba. In rannan sarƙar ta tsinke da yamma fa?

Akwai abin da ban faɗa ba. Hajiya, mahaifiyata, takan zo ta yi mana wata guda ko biyu. Da na tuntuɓe ta ta ce in na kawo kare ta daina kwana a gidan, mala'ikun rahama ba sa shiga. Ba zan saɓa mata ba. Ko akwai mai ilmin da zai fayyace mini, in san abin da zan kai mata?

Almajirin Malam:

Baban Hanifa, abin da Hajiya ta faɗa yana da tushe, hadisin ya inganta. Haka nan ya inganta cewa wanda ya riƙe kare ana rage masa lada kullum, sai karen farauta, ko na kiwo, ko na gona. Kai kana da gona, kana da tumaki, kuma an yi maka sata har sau biyu, ka ga kana cikin waɗanda aka togace, ba ma sai an je ga saɓanin malamai kan karen tsaron gida zalla ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Wasu mazhabobin sun ɗauki yawunsa najasa, don haka a kiyaye tufafin salla da shimfiɗa.

Abin da zan ba ka shawara, ka yi masa wurinsa a ɓangaren gonar, kusa da turken tumaki, kada ya shiga ɗakunan kwana da wurin salla. Kuma kada ka kai wa Hajiya hujja da bakinka kamar mai gardama. Ka je da ita wurin malamin da ta yarda da shi, ka yi tambayar a gabanta, ta ji da kunnenta. Sannan ka sani in ka riƙe shi, cinsa da shansa da inuwarsa suna wuyanka.

Dakta na Dabbobi:

Malam Baban Hanifa, barka da haƙuri. Aikina ke nan, kuma na daɗe ina ganin ƙarshen irin wannan ciniki, mai kyau da mara kyau.

Zan fara da shawarar Mai Ƙarfe, ba don cin fuska ba. Caucasian an yi shi ne don ya tare kyarkeci a duwatsun Kokeshiya, rashin yarda da baƙo shi ne aikinsa, ga shi da gashin sanyi. Boerboel na Afirka ta Kudu yana iya zafi, yana son 'yan gidansa sosai, amma yana da kishin gida, kuma yana buƙatar hannun da ya saba. Gidan da yara sha biyar baƙi ke shiga kullum ba wurin koyon riƙon Boerboel ba ne. Ita kuwa sarƙa da hana kowa taɓa kwikwiyo, wannan ita ce hanyar da ake bi in ana son a mayar da kare mai cizo. Ko Great Dane ka yi wa haka zai lalace, domin irinsa ba ya jure kaɗaici ko kaɗan.

A cikin jerin naka saura uku. Mastiff na Ingila shi ne mafi nauyi, wani mai suna Zorba ya haura kilo 155 a 1989. Yana da haƙuri, yana da son kwanciya, amma nauyin da zafinmu ba sa jituwa, ga ciwon ƙugu da gaɓoɓi. Bullmastiff a takarda kamar don kai aka yi shi. Masu gadin dajin attajirai a Ingila ne suka haɗa Mastiff da Bulldog a ƙarni na 19, suna son karen da zai bi ɓarawon namun daji shiru, ya kayar da shi ya danne har maigadi ya iso, ba tare da ya yayyaga shi ba. Namiji kan kai kilo 50 zuwa 59. Sai dai ba shi da yawan haushi, kai kuma haushi kake buƙata ya tashi dattijon nan. Hancinsa gajere ne, haki na yi masa wuya, zafi na saurin kayar da shi. Kuma ya fi Great Dane taurin kai da shakkar baƙo. Da ni ne, a Kura, Great Dane zan ɗauka, mace, mai hasken launi. Gashinta gajere, hancinta dogo, jikinta bai kai na namiji ba.

Amma sunan iri rabin magana ne. A kasuwarmu ana haɗa duk abin da ya yi girma a sa masa suna. Kada ka sayi kwikwiyo a bakin titi ko a cikin keji a kasuwa. Ka je gidan da aka haife shi, ka ce a fito maka da uwar. Ka tsaya ka ga yadda take yi da kai baƙo. In tana gurnani tana ja da baya, ko an ce ba za a iya sakinta ba, ka yi sallama ka tafi, komai kyan 'ya'yan. Cikin 'yan kwikwiyon kuma, kada ka ɗauki wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki don tausayi. Matsoracin kare ya fi kowane kare cizo. Ka ɗauki wanda in ka tafa hannu ya ɗan zabura, sannan ya dawo ya duba ko mene ne. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako takwas.

Daga nan icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako uku zuwa wajen mako goma sha huɗu kwikwiyo ke karɓar duniya. Abin da ya gani a lokacin cikin kwanciyar hankali, ya zama na gida har abada. Yaran famfon nan su ne makarantarsa. Ka zauna da shi a hannunka a bakin shingen, ya ji ƙarar jarka, ya ga mai rawani, mai hijabi, mai sanda, mai babur, su miƙa masa ɗan abinci a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ka kai shi cikin tumaki da gefen kaji yana ɗaure da igiya. Kada ka ji tsoron hakan zai hana shi gadi. Karen da ya san yadda rana take ya fi gane abin da bai dace ba da dare. Ka hana shi dafa mutum tun yana kilo goma, don ranar da ya kai sittin ba ka da ƙarfin hana shi. Ba da duka ba. Sai dai kafin ya gama allurar cutar amai da gudawar jini da muke kira parbo, kada ya taka inda karnukan waje ke yawo, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki.

Abinci: kada ka yi gaggawar ganin ya girma, kada ka ba shi ƙarin maganin ƙashi da kanka, yawansa na lanƙwasa ƙafafun manyan iri. Ragowar miya mai albasa tana lalata musu jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa a hanji. Tunda kana da tumaki, kaska za ta zama yaƙinka na kullum, zazzaɓinta na cikin abin da ya fi kashe karnukan waje a hannuna. Rumfa mai rufin ciyawa ta fi ta kwano, ƙasa a jiƙe da rana, ruwa ba ya yankewa. In ka ga haki ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi, ka zuba masa ruwa a kan cikinsa da hammatarsa ka kira likita nan take. Allurar haukar kare ana yin ta a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, kuma in babban aiki ya taso asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, hanya ɗaya ce daga wurinka.

Wani abu kuma da mutane ke rainawa: ka ajiye Great Dane ɗin tare da karen gida guda ɗaya, irin na mafarautanmu. Ya san zafin nan, ya fi jure kaska, kunnensa ya fi kaifi. Shi zai fara ji, ita ta miƙe a gan ta.

Baban Hanifa:

Dakta, Allah ya ƙara basira, na kwafe maganarka gaba ɗaya na ajiye a waya.

Ga inda aka kwana. Ranar Juma'a na kai Hajiya wurin limamin unguwarsu, na yi tambayar a gabanta kamar yadda Almajirin Malam ya ce. Ta saurara har ƙarshe, a mota ta ce mini ta yarda da sharaɗi biyu: kada ya tsallako ƙofar da ta raba gida da gona, kuma kada ta ji an bar shi da ƙishirwa. Jiya muka kafa turakun shingen famfon ni da maigadi. Shi ma ashe ya yi farauta da ƙuruciyarsa, ya ce ɗan ƙanensa yana da karya mai ciki, zai karɓo mana ɗaya.

Na kira mutumin Jos. Ya ce karen da na gani namiji ne, amma ya san gidan da uwarsa take, kuma an sake haɗa ta, ana sa ran haihuwa nan da mako biyar. Na ce masa ba zan ba da ko sisi ba sai na zo na tsaya a gabanta. In lissafina daidai ne, kwikwiyon zai isa rabuwa da uwa a farkon Maris, wato zai sauko daga sanyin Jos ya faɗa bazarar Kano yana ɗan wata biyu. Dakta, in ɗauko shi a lokacin, ko in roƙe su su riƙe mini har ruwa ya sauka, ko da makonnin sabon da ka ambata za su wuce a hannunsu?